Malam Isiyaku, mai sa wa Baba robar fitsari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban gama sha ba, aka kira ni cewa Malam Isiyaku, nas ɗin ɗakin maza, ya rasu.

Ta dalilin mahaifina na san shi. Fitsari ya ɗauke wa Baba muna gida a Tabanni, wani mai kemis ya zura masa roba ba tare da ya wanke wurin ba. Kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, muka kawo shi asibitin Birnin Gwari ba ya gane mutane.

Da ya farfaɗo aka ce za a sa masa sabuwa. Ina bayan labule na ji Baba ya harzuƙa.

"Yanzu na yi tsarki. Ni ƙazami ne da za ka wanke ni?"

Malam Isiyaku ya ce, "Haba Baba, ka fi ni tsarki. Amma robar nan har mafitsara za ta, duk abin da ta tarar a bakin hanya da shi za ta shiga. Shi ya kwantar da kai wancan karon."

Baba ya ce, "To yi aikinka."

Tun daga nan duk wata shi yake canza masa, kuma zazzaɓin bai sake dawowa ba. Ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu, ya goge daga bakin mafita zuwa waje. Audugar da ta taɓa jiki sau ɗaya ba ta komawa. Baba ya ce ya taɓa ganin ya yar da roba sabuwa fil don bakinta ya shafi zanin gado. Masu jira a layi suna guna-guni, bai ko ɗago kai ba.

Bai taɓa yaye labulen ina wurin ba. Ya san Baba ba zai so ɗansa ya gan shi haka ba.

Ganinmu na ƙarshe da Malam Isiyaku watan jiya ne. Ya rame, na yi masa magana, ya ce gajiya ce. Na ji yana ce wa Baba, "Ka riƙa lura da kanka. Duk wanda ka ga bai wanke hannu ba, ko ya maimaita auduga, ka ce bai isa ya taɓa ka ba, ko likita ne."

Baba ya ce, "Kai ina za ka?" Dariya kawai ya yi.

Ɗazu na faɗa wa Baba. Ya tambaye ni ko ranar Alhamis ce canjinsa. Na ce eh, na kuma ce ban san wanda zai yi ba.

"Ko wane ne," in ji shi, "sai na ga ya wanke hannu."

Allah Ya gafarta wa Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Baba.