Ƙaya a Kan Kabarin Inna Ige

Ku da kuke aikin gandun daji yanzu, akwai wata safiya da har gobe ba ta fita raina ba. Da kaka ne, shekara ta uku bayan Turawa sun miƙa mulki, ina malamin daji a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe. Malamin daji shi ke riƙe da gandu guda. Ƙarƙashinsa akwai masu gadi da leburori, samansa akwai babban malamin daji da ke zaune Tambuwal. Doka kuwa a fili take: wanda ya sari ko reshe cikin gandu babu takardar izini, sai gaban alƙali. Ni kuma ba ni da sauƙi, ko gatarin ƙanen ubana na taɓa kamawa.

Wurin da munka yi gandun fako ne, an daɗe da sare shi ƙaf. Munka dasa dogon yaro da marke, munka kewaye da bagaruwa da farar ƙaya. Kafin shekara goma daji ya rufe. Zabin daji sunka fara dawowa, sai zomaye, sai gada. Ranar da na ga sawun barewa, keke na hau har Tambuwal don in yi alfahari. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke biyo bayan nama ba.

Maƙabartar garin tana jingine da gandun ta gabas. Wata Laraba anka rufe Inna Ige, mahaifiyar Malam Modi mai karantar da yaran garin. Washegari da hantsi maigari ya aiko in zo maƙabarta, kada in tsaya komai.

Innalillahi. An tone kabarin ta wajen ƙafa har ga itacen da anka jera, an janye wasu, ga gefen likkafani a waje ya yage. Ga sawun kura ɓaro-ɓaro, ya fito daga gandu ya koma gandu. Tsoro da kunya sunka rufe ni. Allah ya rufa asiri ba ta kai ga gawar ba, da alama kiran asuba ya kore ta.

Samari sun riga sun taru da gatura, wani har da bakin wuta, ciyawa kuwa ta bushe. Maigari ya dube ni ya ce, "Malamin daji, mi kaɗ ɗauko muna? Tun ina yaro rabon garin ga da kura. Itatuwanka sunka kawo ta, yau kuwa sai sun faɗi."

Aikin shekara goma zai tafi kafin azahar, kuma ban ga da wace fuska zan hana ba.

Malam Modi yana durƙushe yana mai da likkafanin uwarsa da hannunsa. Sai da ya gama ya miƙe ya ce, "Ku aje gaturan ga. Tana kwance tac ce mani, 'Modi, na ji kura ga daji, in ta Allah ta kasance ku sa mani ƙaya.' Nic ce, 'Inna, ina kura nan? Zazzaɓi na.'" Ya dubi samarin ya ci gaba da cewa, "Dauri ba a barin sabon kabari sai an lulluɓe shi da ƙaya an danne da duwatsu. Daji yaƙ ƙare, munka bari. Kura ba ta mance aikinta ba, mu munka mance namu."

Sannan ya juyo gare ni. "Malamin daji, duk ƙasar ga babu ƙaya sai ga gandunka. Kana ba ni?"

A ƙa'ida sai takarda ta fito daga Tambuwal, kura kuwa ba za ta jira takarda ba. Na zare addata na miƙa masa. Gaturan da anka kawo don kashe gandu, da su anka sassaro rassan farar ƙaya. Ni ma na ja nawa har tafin hannuna ya yi jini.

Da labari ya kai ga babban malamin daji, ya kira ni ya ce, "Wa ya ba ka izinin sara?"

Na ce, "Kura, ranka shi daɗe."

Daga bisani ya ce daga ranar, ƙayar kabari ba ta bukatar takarda.

To, ku ji. In kun ta da daji, ba inuwa da zabi kaɗai ke dawowa ba, duk mutanensa yake tahowa da su. Idan an tura ku sabon wuri, kafin ku kafa turken iyaka ku tambayi inda maƙabarta take, ku zauna da tsofaffin garin su gaya muku abin da ake yi lokacin da daji ke daji. Inna Ige ta ji kura tana kwance kan gadon ciwo. Ni da ke cin albashin daji, sai a bakin kabarinta na ji.