Yatsun Sani Biyu Suna Can

New Bell, Douala, Talata

Ƙarfe biyar na asuba na fita, a shekarar da aka karya darajar sefa. Takalma zan saro a Italiya, amma Gwaggo ta tare ni a bakin tasi.

"Sani na can, wai zai tsallaka Faransa da ƙafa. Ka dawo mini da shi."

Sani ɗanta ne, tsohon akawu a unguwar Bonanjo. Tun da aka rufe ofishinsu ba abin da ya rage masa sai kwat da iyayi.

Torino, Alhamis

A tashar jirgin ƙasa na same shi.

"Yaya, kilomita goma sha biyu ne kawai ta kan dutse. C'est rien, ba komai ba ne!"

Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Dole na bi shi: jirgi awa ɗaya da rabi, bas minti ashirin, sai wani ƙauye a gindin duwatsu. Muka sauka gidan wata tsohuwa, abinci miyar dankali da burodi. Iska ta yi kwana biyu tana kwasar dusar ƙanƙara.

Kan dutse, Asabar

Gari ya waye tas. Sani ya ɗaure takalmin ofis, wai an ɗauke. Shi a ganinsa ruwan Douala ne, da ya tsaya sai a fita.

Tsohuwa ta ja mu bayan gida, ta haƙa ƙanƙarar da shebur. Sama tauri kamar katako, ƙasa wasar-wasar kamar sukari.

"Iska ce ta jibge ta saman," in ji ta da Faransanci. "Ba abin da ke riƙe da ita. Ku jira kwana uku."

Sani ya ce, "Da bakaloriyata ta kammala sakandare, tsohuwa za ta koya mini géographie, ilimin ƙasa?"

Ƙarfe tara ya fice. Haushi kamar ya kashe ni, amma amanar Gwaggo ce. Na bi bayansa da mijin tsohuwar da karensa. Goma da kwata muka ji "gum" a ƙarƙashin ƙafa, gangaren ya tsage, ya zaftare gaba ɗaya da mai bakaloriya a ciki. Na tsorata ƙwarai. Karen da bai taɓa shiga aji ba shi ya gano shi. Muka tono shi ba takalmi, muka yi awa uku muna saukowa da shi. A asibiti aka yanke masa yatsun ƙafa biyu da ƙanƙara ta cinye.

New Bell

Bayan sati uku muka iso, ƙarfe huɗu na yamma, ban saro ko silifa ba. Godiya ga Allah, da tsohuwar nan, da karen.

Sani na ɗingishi yana gaya wa maƙwabta hanyar ba wuya. Gwaggo ta durƙusa ta kwance bandejin, ta ƙirga, ta ɗago ta dube ni.

"Ga shi, Gwaggo," na ce. "Sauran sai ƙanƙara ta narke."