Gwiwar Hankaka da Damin Irin Labbo

Duk wanda ya taɓa zama cin tuwo da Labbo ya san ba a kai hannu baka sai an jira shi. Zai yi bisimilla, ya gutsuri loma, ya dangwali miya sosai, sannan ya miƙe ya fita bayan danga ya ajiye wa karensa a kasko. Sai ya dawo ya sake wanke hannu ya zauna. In baƙo ya zuba masa ido, sai ya ce, "Mi kaka kallo? Lomar farko ta mai aiki ta. Mu masu zama mu jira."

Ku da kunka san shi kun san ban ƙara ko gishiri ba. Ni Tunau taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka tun muna yara ba mu da gaisuwa sai tsiya. Ni ina fataucin kanwa da albasa a kan jaki, daga ƙauyenmu na gefen Gatawa zuwa kasuwannin Nijar. Shi kuwa noma da damina, farauta da rani. Karen nan Hankaka ake ce masa, baƙi wuluk mai farin ƙirji, siriri, mai dogayen ƙafafu. Matar Labbo, Ige, ba ta da abokin gaba duk duniya irinsa. In ya leƙo da hanci cikin gida sai ka ji muciya ta tashi sama, tana cewa, "Wanga gida kare ka cin gaba, mutane na biye!"

Liman ma ya taɓa yi masa magana. Ya ce, "Labbo, ka rage kusantar da kare ga ɗakin kwana, ka san abin da malamai sunka faɗi." Labbo ya sunkuyar da kai, ladabi kamar gaske, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba an halatta na farauta ba?" Liman ya ce an halatta. Labbo ya ce, "To nawa ma'aikaci na, ba ɗan zaman banza ba." Amma ya ji magana, ya yi wa Hankaka 'yar bukka a waje. Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofar Liman da zomo yankakke, ya ce, "Malam, ga saƙo daga ma'aikaci. Ya ce a sa shi cikin addu'a." Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, zomo kuwa ya shiga tukunya.

Ga tsumulmula. Kai, Labbo! Ko jakina bai yarda ya hau ba, balle mota. Na sha ce masa, "Hau mana, tsohon banza, ai ba haya za ni karɓa ba." Sai ya ce, "Allah ya ba ni ƙafa kyauta, in je in kashe ta jaki? Ita wagga in ta gaji barci kawai taka nema, ba ta cin dusa."

Sai fari ya zo. Waɗanda sunka gan shi ba su son a tuna musu. Ruwa ya sauka munka yi shuka, ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Aka sake shuka, ta bi 'yar uwarta. Shanun Fulani na faɗuwa a bakin hanya. Mata sunka koma jiƙa 'ya'yan anza na daji suna zubar da ruwan ɗacinta, wasu na tonon gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da sunka ɓoye. Samari sunka watse, wasu kudu, wasu ba a sake jin labarinsu ba. A lokacin nan Hankaka ne ya riƙe gidan Labbo. Yau zomo, gobe gafiya, jibi damo, in an yi sa'a zabon daji. Ba gidan Labbo kaɗai ba, ni kaina 'ya'yana sun sha romon abin da karen nan ya kamo. Ko Ige ta rage jifa, sai dai harara.

Abu ɗaya Labbo ya hana a taɓa: damin geron iri da ya ɗaure a can ƙuryar rumbu. Yara na kukan yunwa, iri na nan a ɗaure. Kowa ya san dalili, don wanda ya cinye irinsa, ko ruwa ya dawo sai dai ya yi kallo.

Ran nan Labbo da Hankaka sunka fita farauta cikin fadama. Ƙasa duk ta dare, tsagar har ka sa hannu ya shige. Gada ta tashi, Hankaka ya bi ta, ta karya kwana, shi ma ya karya. Ƙafarsa ta baya ta faɗa tsaga, jiki ya juya, ƙafa ta tsaya. Ƙara ɗaya ya yi. Da ya fito, ƙafar na rataye, ɗan yatsa kawai ke taɓa ƙasa.

Labbo ya ɗauko shi a wuya har gidan maɗorin garinmu. Tsohon ya ce shi tun da yake bai taɓa ɗorin kare ba. Labbo ya ce, "To yau ka fara, Baba, ilimi na." Tsoho ya laluba, ya murza, ya girgiza kai ya ce, "Ƙashi lafiya lau. Ba karaya, ba gocewa. Wata jijiya ta tat tsinke can cikin gwiwa. Ni ƙashi nika ɗorawa, wanga hannuna bai kai nan." Labbo ya yi wuf ya rufe kunnen kare da tafin hannu, ya ce, "Haba Baba, ka faɗi sannu mana, yana ji!"

Da yamma Sarkin farautar garinmu ya zo da kansa, dattijo mai tumbi wanda ko fari bai gama da shi ba. Ya faɗi abin da kowane ɗan farauta ya gada: karen da ya gurgunce, a kai shi can daji mai nisa a baro shi, ba a ciyar da bakin da ba ya kawowa, balle a shekara irin wannan. Ya ce, "Labbo, ka san al'ada. Karen da yab bar gudu ya bar tuwo." Labbo ya dube shi tun daga hula har ƙasa, ya ce, "Ranka shi daɗe, kai yaushe rabonka da gudu?" Sarki ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Kashegari da sassafe sai ga Labbo a ƙofata. "Tunau, ara min jakinka." Na ce, "La ilaha! Yau ƙafar kyauta ta ƙare?" Ya ce, "Ba ni za ni hau ba, ɗan nema." An ce masa akwai likitan dabbobi da ya sauka garin Isa yana duba shanun da sunka rage. Haka munka kama hanya: Hankaka a cikin mangala bisa jaki, an yi masa shimfiɗa da tsohuwar rigar Labbo, mu biyu a ƙasa. Duk ƙauyen da munka ratsa sai an fito kallo. Wani ya ce, "Kai jama'a, duniya ta zo ƙarshe, kare bisa, mutane ƙasa!" Labbo ko waiwaye bai yi ba, ya ce, "Kowa da matsayinai."

Likitan mutumin kirki ne, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa ta gabas ce. Bai yi dariya ba. Ya kwantar da kare, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ƙwauri da ɗayan, ya tura a hankali. Da idona na ga gwiwar ta zame gaba ta dawo. Ya ce, "Ka gani? Jijiyar da ke riƙe ƙashin nan biyu ce ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta. Hanya biyu ce. Ko a yi masa aiki, a tsaga gwiwar a ɗaure ta da zare mai ƙarfi irin na masunta, watakila ya koma gudu." Labbo ya yi farat ya ce, "In ɗinki na, ai ga baduku nan bakin kasuwa, kuma ina da zare." Likita ya danne dariya ya ce a'a, sai babban birni, inda ake sa dabba barci, kuma ko can ba ya yi masa alkawarin nasara. Hanya ta biyu, a ɗaure kare wata da watanni, ba gudu ba tsalle, har nama ya taru ya riƙe gwiwar. Zai taka, amma da ɗingishi, farauta kuwa ya yi sallama da ita.

Labbo ya tambayi abin da aikin zai ci, da mota, da zaman birni. Likita ya faɗa masa. Ni da shi munka dubi juna, don duk mun san abu ɗaya ne ya rage a gidansa da zai kai wannan daraja a kasuwar wannan shekara.

Munka kama hanyar dawowa. Na yi tsiya, na yi tsiya, ko "ɗan nema" ban samu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin Labbo shiru ba.

Kwana biyu bayan nan na je na tarar ya fasa rumbu ya sauko da damin iri, ya ɗora a ka. Ige na tsaye bakin madafa, yara na riƙe da zanenta. Ya fita, ya wuce bukkar Hankaka, kare ya yi ta kaɗa wutsiya yana son tashi. Na bi shi a baya har bakin gonarsa, ƙasa fari fat ba ko ciyawa. Nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da dami a ka, har na ce ko ya manta da ni. Sai ya juyo, idonsa ja wur, ya ce, "Tunau, in na sai da wanga, ruwa ya zo, mi za ni ce ma ɗiya? Ba ni sai da baɗi in sayi ƙafa." Ya mayar da iri rumbu ya yaɓe da laka.

Na ɗauka daji za a kai Hankaka. Ina! Ashe ban gama sanin taurin kan taubashina ba. Ya kafa turke a inuwa ya ɗaure shi, kamar yadda likita ya ce. Ranar da 'yan farauta za su fita, in ganga ta tashi, kare ya riƙa fizgar igiya yana kuka. Sai Labbo ya samo auduga ya toshe masa kunnuwa, ya zauna ya rungume shi har kiɗa ya yi nisa. Na ce, "Kai ma ka toshe naka, na ga ƙafarka na rawa." Ya ce, "Rufe min baki." Shi kaɗai yake fita yanzu, da tarko da 'yar sanda, yini guda a dawo da kurege ɗaya ko hannu wofi.

Sai ya tsiro da sabon hali, wai shi ba ya son cin abinci ana kallonsa. In an zuba masa ɗan abin da ya samu, sai ya ɗauki akushi ya zaga bayan rumbu. Mazagin wandonsa kullum ƙara tsawo yake, wuyansa ya fito. Wata rana da tsakar rana na zaga na same shi. Ya juye tuwon kaf a kaskon Hankaka, shi yana zaune yana tsotsar ƙwallon goruba.

Na ce, "Labbo, hauka kaka yi? Kashe kanka za ka yi don kare?"

Ya ce, "Shekara nawa yana ci da mu? Ɗiyanka ma sun sha romonai. Iri na ɗiya na, ban taɓa ba. Rabon Ige ban taɓa ba. Ciki nawa na. Wa nac cuta?"

Ban tsaya gardama ba, na wuce kai tsaye wajen Ige na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar ganyen tafasa. Ta ce, "Kai yau kas sani. Akushin da mutum yac ci tuwo ciki, da sawun yatsa shika dawowa. Nashi ba ko ɗaya." Ashe ta daɗe tana rage nata tana dama masa kunu, ta tsare shi sai ya sha a gabanta, don ta san kunu ba ya zagawa bayan rumbu. Ni ma daga ranar in na dawo fatauci nakan tsare shi da ɗan garin rogo. Sai ya karɓa ya ce na cika rowa, kuma ko a nan sai ya gutsura wa mai aiki.

Da Allah ya kawo damina, ruwa ya sauka na gaske. Aka fasa rumbu, iri na nan lafiya lau. Labbo na gaba yana saran rami, Ige da yara na zuba iri, Hankaka na biye da ɗingishinsa, yana taka ƙafar a hankali. Ranar Labbo har waƙa ya yi, da muryar nan tasa mai korar tsuntsaye.

Bai ga girbi ba. Ana tsakiyar marka, gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kama shi, irin wanda da can zai kaɗe ya tafi gona. Jikin ba abin da ya rage masa na faɗa. Ajali ne, mun sani, ba mu ja da ikon Allah. Da na je duba shi na ƙarshe, na ce, "Tashi, raggo, gero na jiranka." Ya yi murmushi ya ce, "Ya fito?" Na ce ya fito, har ya fi ka tsawo. Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Ranar da aka tuƙa tuwon sabon gero a gidan, Ige ta aika a kira ni. Aka ajiye akushi, yara sunka kewaye. Na kai hannu, ta ce, "Dakata." Ta gutsuri loma, ta dangwali miya sosai, ta fita bayan danga. Ita fa, Ige mai muciya! Na so in yi tsiya don kada hawaye su kunyata ni, na ce, "Ige, lomar farko ta mai aiki ta, wanga gurgu kuwa ya bar aiki."

Ta dawo tana goge hannu a zane, ta ce, "Tuwon mai gidana na ka yawo nan da ɗingishi. In bar shi shi rame?"

Munka ci, ga daɗin sabon gero.

Allah ya jiƙan Labbo. Ya Ubangiji, bawanka ya ji yunwa don kada bakin da ke ƙarƙashinsa ya ji, kai kuwa ba ka manta ko ƙwayar gero. Ka ciyar da shi daga abin da ba ya ƙarewa, ka sanyaya makwancinsa kamar ƙasar da ta sha ruwan farko. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.