Hadiza ta yi mana binne a bayan rumbu

Jama'a, ku ji abin da Hadiza ta yi mini yau!

Kun ga yadda damina ta ƙi sauka bana, kowa sai duban sama. Shekaranjiya babanta ya gaji da jira, ya tafi gona ya yi binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa. Ashe ɗiyar nan mai shekara huɗu tana kallo!

Ɗazu na goya Sani na tafi ɗibar ruwa. Na dawo za ni jiƙa geron kununshi, kwano wayam! Shi kaɗai ya rage mana.

Na ce, "Hadiza, ina gero?"

Ta ja ni bayan rumbu. Ramuka layi-layi, ta bi da diddige ta rufe su tsaf!

"Ke ɗiyar ga, mi kika yi?"

Ta ce, "Inna, binne na yi ma Sani. In ruwa ya zo, kununshi za ya yi yawa."

Sani na tsala kuka a bayana. Wallahi na kasa dukanta. Na ɗauko rariya na durƙusa ina tonowa, sai ta ƙwalla ihu, "Inna, kina ɓata mini gona!"

Yanzu su biyu ke kuka, ni ina tankaɗen ƙasa.