Gonar Harsuna a Gefen Watari

Muna idar da sallar asuba muka tayar da mota daga Rijiyar Zaki, ni da ƙanwata da wata ƙawarta mai ɗaukar murya. Ni ne direba, kuma direban da ba a biya, shi ya sa na ba bakina izinin tsokana tun daga ƙofar gida.

Ƙanwata tana karatun digirin digirgir a fannin ilimi, tana binciken yadda yara masu harshe fiye da ɗaya suke zama da juna a aji. Zuwanta na farko wata firamare a gefen dam ɗin Watari ta raba takardun tambayoyi, kusan kowane yaro ya rubuta mata cewa Hausa kawai yake yi, ya ajiye biro. Malamin da ke duba aikinta ya ce idan zangon nan ya ƙare ba ta kawo abin kamawa ba, sai dai ta sauya batu ta koma farko. Ga hutu ya ƙarato. Wannan zuwan shi ne na ƙarshe da ya rage mata.

Sai ta sake dabara. Ta cika jaka da kwali da fensira masu launi da takardu ɗauke da zanen jikin mutum, babu ido babu baki. Kowane yaro zai ba kowane harshe launinsa, ya shafa a inda yake jin sa a jikinsa, ko ka ko ƙirji ko hannu. Na ce mata ban taɓa sanin da kayan wasan yara ake zama dakta ba, da tuni na zama. Ko kallona ba ta yi ba.

A Tofa muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi, irin wanda ake jefa maka daga kasko kai tsaye. Ƙasar nan ba ta da filin banza. Kafin ka fita daga wannan gari ka hango katangar wancan, tsakaninsu gonaki ne a manne da juna, da ɗorawa da kuka da mangwaro, ga tulin takin gida an jera ana jiran damina. Muna dosar Watari ido ya huta, ko'ina kore shar. Fangali-fangali na tumatir da albasa da alkama, injinan ban ruwa suna ta kuka. Na tambayi kuɗin kwandon tumatir a bakin hanya, da na tuna yadda ake yanka mu a cikin birni sai da raina ya ɓaci.

Hedimasta ya karɓe mu hannu biyu, amma bai ɓoye ba, ya ce a saninsa duk ajin Hausawa ne. Muna cikin gaisawa sai ga shugaban iyayen yara, wani dattijo mai farin gemu da ake ji da maganarsa a garin. Ya ɗauki takarda ɗaya ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wannan ai surar mutum ce," ya faɗa a hankali. "Ba za mu so a ba 'ya'yanmu sura su yi ta ƙawata ta ba."

Na buɗe baki zan ce ai ko ido babu, ƙanwata ta take min ƙafa. Gaskiya na san abin da ta zuba a kan aikin nan. Ta kalli gonakin da ake hangowa ta taga. Can ta tattara takardun gaba ɗaya ta mayar jaka, ta rusuna.

"Baba, gona fa? Za su iya zana gona?"

Dattijon ya yi dariya. "Gona kam ai a cikinta aka haife su."

Nan take muka hau yanka kwali. Ta ce wa yaran kowa ya zana gonarsa, ya ba kowane harshen da yake yi ko yake ji fangalinsa, babba ko ƙarami, ya sa ruwa inda akwai ruwa. Ban taɓa ganin aji ya kama aiki da sauri haka ba. Yaran da suka tashi a bakin dam ba sa buƙatar a koya musu yadda ake raba fili.

Hausa ta ci tsakiyar kusan kowace gona. Wani yaro ya kewaye Larabci da shinge, ya ce nan ba a barin dabba ta shiga. Wani ya kai Turanci can bakin hanya, ya ce shuka ce ta kaiwa kasuwa, ba a ci a gida. Masu taya iyayensu ciniki da dillalan tumatir sun yi wa Yarabanci 'yar kusurwa, ta gaisuwa da neman ragi. Wasu 'yan mata biyu har da Indiyanci, ɗan fili kamar tafin hannu, suna rufe shi da gefen hijabi don kada hedimasta ya gani. Fulatanci kuwa ya fito a gonaki da yawa, har hedimasta ya riƙe baki. Wata ta ja hanyar ruwa daga Fulatanci zuwa Hausa, ta ce ita kanta ce hanyar, don ita ke raka kakarta asibiti ta yi mata tafinta.

Ƙanwata ta burge ni, kuma na faɗa a gabanta. Ta zauna a ƙasa da tsadadden leshinta, ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba. Tambayarta kawai me ya sa nan ya fi girma, me ya sa nan babu ruwa. Kafin a jima yaran da kansu suna leƙa gonakin juna, wannan yana tambayar wancan yadda ake cewa sannu a gidansu.

Sai aka zo kan wata yarinya siririya, wadda ashe jikar dattijon ce. Ta ware fangali babba, ta shafe shi da launin ruwan ƙasa, ta yi masa tsage-tsage irin na ƙasar da ta bushe, ba ta shuka komai ba. Ta ce Barbarci ne, harshen kakarta mace, wadda da shi take yi musu waƙa da faɗa. Tun da ta rasu babu mai yi a gidan.

"Baba Malam yana ji, amma ba ya yi," in ji ta, tana nufin kakan nata.

"To me ya sa kika ba shi fili babba haka?"

"Na bar masa ne, ko wata rana zai sako ruwa."

Dattijon yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya matso ya ce wa yarinyar wata gajeriyar magana da Barbarci. Ba ta gane ba, amma ta rufe fuska tana dariya. Sai ya juyo ya roƙi a ba shi takardar. Na ga ƙanwata ta ɗan dakata, don duk cikin zanen babu wanda ya kai shi. Ta nemi izini ta ɗauki hoton takardar a waya, sannan ta miƙa masa ita da hannu biyu.

Mun ci ɗanwake da man gyaɗa a gidan hedimasta, aka cika mana bayan mota da rake da albasa, muka shigo gida kafin magariba. Bayan kwanaki ƙanwata ta baje kwalayen a gaban malaminta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta ci gaba.

Abin da na koyo shi ne, idan ka tsare yaro da tambaya, amsar da ba za a yi masa dariya a kanta ba zai ba ka. Idan ka ba hannunsa aikin da ya sani, sai ya faɗi abin da ko a gida bai taɓa faɗa ba. Ko dattijon ya ci gaba da yi wa jikarsa Barbarci, ban sani ba. Abin da na gani a madubin mota shi ne ya ƙi linke takardar, ya riƙe ta a buɗe a ƙirjinsa har muka sha kwana.