Tambayar Mama Rifkatu a Ɗakin Kati

Cikin shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a Kontagora, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata da Mama Rifkatu ta yi mini tambaya ɗaya, na kasa cin abincin rana. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don wata rana za ku gamu da irinta.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wurin. Muƙamina a takarda mataimakin jami'in fasahar sadarwa ne, amma babu jami'in da nake taimaka wa, ni kaɗai ne. Kowa Injiniya yake ce mini, alhali difloma ce da ni, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Kwamfuta goma sha ɗaya ce a hannuna, da firinta biyu masu taurin kai, da janareta wanda ba aikina ba ne amma ni ake kira in ya ƙi tashi.

Daga ɗakin magani abin ya faro. Wani ma'aikacinmu ya danna linkin da aka turo masa wai ana ɗaukar aiki a Abuja, kwamfutar ta kamu, muka wuni ana rubuta magani da biro, layi har bakin get. Washegari Dakta, mai asibitin, ya tare ni a baranda.

"Injiniya, kar in sake ganin irin na jiya. Ka yi duk abin da ya kamata."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in yi bayani. Burauza ita ce manhajar da kake buɗewa ka shiga intanet. Akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa mata don ƙarin aiki, mu ekstenshan muke ce musu. Na samo ɗaya ta tsaro, wadda ke tare mutum kafin ya faɗa shafin 'yan damfara. Da ka ɗora ta, za ta ba ka zaɓi biyu. Na farko, ta sauko da jerin miyagun shafuka ta ajiye a kwamfutarka, ta riƙa dubawa a nan gida. Na biyu, ka yarda ta riƙa aika adireshin duk shafin da ka buɗe zuwa wani kamfani na daban a ƙasar waje, ya tace maka nan take. Na biyun ya fi kama sababbin tarkuna, kuma da manyan haruffa aka rubuta shi. Ranar Asabar da hantsi na bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, na danna "na yarda" sau goma sha ɗaya, na tafi cin waina.

Abu ya yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya taɓa mugun linki sai jan shafi ya tare shi. Na yi kwana goma ina yawo a asibitin kamar ni na gina shi.

Mama Rifkatu ita ce shugabar ɗakin kati. Mutuniyar wajen Rijau ce, ta fara aikin tun katunan marasa lafiya na jere a kantoci cikin kwalaye. Da yatsa biyu take buga kwamfuta, kuma duk rubutun da ya fito a allo sai ta karanta shi a fili, har wanda kowa ke tsallakewa. Mu matasa mukan yi mata dariya a bayan ido. Ranar Talatar, wajen sha ɗaya, ta aiko a kira ni. Na tafi ina tsammanin firinta ce ta cije takarda.

Ta nuna mini ɗan hoton garkuwa a saman allo. "Ɗana, wannan abin ya ce yana duba shafi ta hannun abokin hulɗarsu. Wane ne abokin?"

"Wani kamfani ne a Turai, Mama. Su ke tace mana miyagun shafuka."

"To madalla. In na buɗe katin mara lafiya, su ma suna gani?"

Na yi dariya. Na ce ai manhajar kati tamu ce ta cikin gida, ina ruwan Turawa da ita.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji ta. "Amma ta wannan ƙofar nake shiga kati, ta nan kuma abin naka yake zaune. Zauna ka nuna mini."

Na ja kujera don in kwantar mata da hankali. Manhajar katinmu ta burauza ake buɗe ta, wannan na sani. Abin da ban taɓa ɗaga ido na duba ba shi ne adireshin da ke fitowa a sama in an buɗe kati. Na buɗe ɗaya. Ga cikakken sunan mutum a cikin adireshin, ga lambar katinsa, ga sashen da yake ganin likita. Na shiga cikin ekstenshan ɗin, wurin da take jera abin da ta aika a tace mata. Sunaye ne reras, na kwana goma.

Ku gane abin da ya ɗaga mini hankali. Muna da sashen da ke aiki ranar Alhamis, na masu karɓar maganin da ba sa son ko matansu su ji daga bakin wani. Akwai masu hawo babur tun daga Kaboji ko Salka, su wuce asibitocin da ke kusa da su, don kawai kar ɗan garinsu ya gan su a layi. Mama Rifkatu ba ta ma kiran sunansu a taga, lamba take kira. Ni kuma na kwashi sunayen na miƙa wa mutanen da ban san fuskarsu ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini shi ne in kashe abin shiru, in goge jerin, kowa ya ci gaba da harkarsa. Ina jin ta gani a fuskata.

"Kai za ka faɗa wa Dakta ko ni? Ya fi kyau kai. Je ka kashe tukuna, zan raka ka."

Na zaga na kashe a duka kwamfutocin, muka shiga ofishin Dakta bayan azahar. Na yi bayani, ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in yi duk abin da ya kamata."

"Na ce ka tare mana ɓarayi. Ni kaina ba ni da ikon fitar da sunan mara lafiya daga gidan nan, ta yaya zan ba ka abin da ba ni da shi? Ka cire shi gaba ɗaya, kar in sake jin sunansa."

Na buɗe baki zan ce to, sai Mama Rifkatu ta riga ni.

"Dakta, a'a. Ni ban ce a kori maigadi ba. Yaran nan ba za su daina danne-danne ba, kuma ni ma na sha wahalar ranar biro. A bar shi a bakin get, kawai kar a ba shi makullin ɗakina."

Dakta ya dube ta, ya dube ni, ya ce ko akwai yadda za a yi hakan. Na ce akwai, zaɓi na farko ne, wanda na raina.

Ga yadda aka bi da lamarin. An ba ni takardar neman ba'asi, na amsa cikin kwana biyu, aka sa gargaɗi a fayil ɗina. Kwamitin gudanarwa ya zauna, na kai musu sharuɗɗan kamfanin a buge, shafi bakwai, Mama Rifkatu ta sa na karanta ina fassarawa har muryata ta dushe. Suka amince a rubuce da zaɓin farko, aka kuma hana ekstenshan ɗin taɓa manhajar kati. Wanda ya rubuta mana manhajar ya zo daga Minna ya cire sunaye daga adireshi. Dakta ya sa hannu a wasiƙar da muka aika wa kamfanin muna neman su goge abin da ya je musu. Suka amsa cewa na'ura ce ke dubawa, ba mutum ba, kuma sun goge. Mun karɓa, don ba mu da hanyar leƙawa mu tabbatar. Har na bar wurin ban ji sunan kowa ya fita ba, Alhamdu lillahi, amma ba wayona ne ya hana ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikinmu hannunka ne ke kan maɓallin, shi ya sa kake mantawa cewa yardar ba taka ba ce. Duk sanda allo ya tambaye ku ko kun yarda, ku tsaya ku tambayi kanku bayanan wa za su fita, ina za su, kuma wa ke da hurumin cewa e. In ba ku ba ne, ku ɗauki takarda ku je wurin mai hurumin, ko da zai ɓata muku mako guda. Sannan a kowace ma'aikata akwai mutum ɗaya da ya san masu sunayen nan ido da ido. Ku neme shi tun kafin ku danna, ku zauna kusa da shi, ku bar shi ya yi muku tambayar da kuke ganin ta rashin sani ce.