Ɗan Farin Hansai a Kan Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Idrisu. Na so in rubuta cewa kamar jiya ne, yadda aka saba faɗa, sai na fasa don ba gaskiya ba ne. Abin bai yi kama da jiya ba, bai kuma yi kama da tsohon labari ba. Yana nan dai inda yake, kamar ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta: ka san taka ce, amma in ka taɓa ba ka jin komai. A haka nake zuwa kasuwar Kazaure, a haka nake zuwa ɗaurin aure, har dariya ina yi in an yi abin dariya.

Idrisu ɗan yayana ne, Yaya Sule, kuma shi ne ɗan farin matarsa Hansai. A ƙauyenmu da ke bayan Roni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yaba shi, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ce, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake cewa ta san kanta. Hansai kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. "Yaron nan" take ce masa, in ta matsu ta ce "na wajen Baffa". Da na samu gurbin karatu a Kanada, ni da matata Binta ba mu da haihuwa, sai Yaya ya kira ni zaure ya ce in tafi da shi. Yana da shekara biyar. Ranar tafiya Hansai ba ta fito rakiya ba, ta ce tana da daka.

A can yaron ya tashi, a can kuma ya tarar da wasan da ake kira hokin ƙanƙara. Fili ne na ƙanƙara zalla a cikin gini. A sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, a riƙe doguwar sanda mai lanƙwasa, ana korar wani ɗan baƙin faifan roba da bai fi waina girma ba har a zura shi a raga. Da na nuna wa Yaya Sule hotonsa cikin kayan wasan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ko a can ma dai sanda ya ɗauka. Shanun ne babu." Iyakar yabon da Idrisu ya taɓa samu daga ubansa ke nan, shi ma a bayan idonsa.

Yana shekara goma sha bakwai wata ƙungiyar matasa ta ɗauke shi, irin waɗanda daga cikinsu ake tsamo masu zama ƙwararru. Garin da take yini guda ne a mota daga inda muke. A al'adar wasan, ba a kama wa yaro ɗaki, sai a ba shi masauki a gidan wasu mutanen gari su riƙe shi kamar nasu. Ni na kai shi. Matar gidan, wata farar dattijuwa mai yawan magana, ta riga ta sayi sabuwar tukunya don kada girkinsa ya haɗu da naman alade, ta kuma binciko inda ake sayar da naman yankan Musulmi. Da zan tafi ya rako ni bakin mota, ya ce, "Baffa, ni dai kullum ba da ni ake yi." Da dariya ya faɗa, ni ma na yi dariya, na tayar da mota.

Sabon shiga a irin wannan ƙungiya ba ɗan gata ba ne. Shi ne mai loda jakunkunan manya a bas, shi ne mai tsince faifai bayan atisaye, shi ne na ƙarshe a wajen ɗiban abinci. A garinmu na can shi ne zakara, a nan kuwa ya tarar da kowa zakara ne a garinsu. Makonnin farko a benci ya yi su, in aka sa shi kuma kafin ya yi ɗumi an fitar da shi. Shi kaɗai ne baƙar fata. A ɗakin da ake wasa ƙarfen takalma yake shimfiɗa rigarsa ya yi salla, kuma a wannan lokaci na shekara kafin la'asar ta yi nisa gari ya yi duhu. Duk wannan bai kawo mini ƙara a kai ba. In na kira, lafiya lau. Abinci fa? Lafiya lau. Mai horar da su fa? Yana da kirki.

Abin da ya dame shi daban ne, kuma a hankali na gane. Iyaye mata na sauran yaran ne. Sukan tuƙo mota daga uwa duniya su zo kallo, su tsaya a cikin jama'a suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da suna har murya ta dishe. In an tashi su tsaya a bakin ƙofa, ƙato mai gemu ya fito uwarsa ta rungume shi tana shafa masa kai. Binta takan je in ta samu hali, kuma Allah ya saka mata, ba ta taɓa nuna masa ba ita ta haife shi ba. Amma yaron ya san yana da uwa a Roni. Ya kuma tuna zuwanmu gida yana ɗan shekara goma sha biyu, da ya ruga da gudu zai rungume ta, ta goce ta shige madafa. Na sha yi masa bayani. Na ce ya duba furar da take dama masa, ta fi ta kowa kauri. Na ce in yana waya da ƙannensa tana laɓe a bayan ƙyaure tana saurare. Yakan ce ya gane. Da ka ya gane, zuciyar kuwa a wata ƙasa ta girma.

Ana cikin haka ƙungiyar ta shirya wani wasa na karrama iyaye mata. Wadda za ta iya zuwa ta zo, wadda ta yi nisa ta aiko da ɗan gajeren saƙo na bidiyo a haska a babban allo. Binta ta yi nata a take, ta kira sunansa ya fi a ƙirga. Ya yi mata godiya, sannan ya kira ni, don a lokacin na zo gida hutu. Ya ce, "Baffa, saura na Inna. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta ce Idrisu kawai, ya isa."

Na hau babur daga Kazaure na tafi ƙauye da hantsi. Na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, don haka ta nan na ɓullo mata.

"Yaya Hansai, yau za ki shiga talabijin a ƙasar Turawa. Gyara ɗaurin ɗankwalin nan kada ki ba mu kunya."

"Kai dai ba ka girma. Me kuma aka yi?"

Na faɗa mata. Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Garin da aka kai mutane, ana samun abinci?"

Na ce ana samu. Na ce abu ɗaya yake roƙo, ta ambaci sunansa.

"Haba Baffan yara. A gaban wa? Ka taɓa jin inda aka yi haka?"

Na ce ba wanda ya san ta a can. Ta ce ai ita ta san kanta. Na roƙa, na yi zolaya, na yi fushi na ƙarya, har ta yarda in ɗauka. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kalli gefen rumbu, ta ce, "Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a, Allah ya yi albarka. A gaida mutanen gidan." Shi ke nan. Da zan tafi ta biyo ni da ƙullin kuka da daddawa da kwalbar man shanu, ta ce a kai wa mutanen gidan. Ta san sarai Turawa ba su san miyar kuka ba.

Na koma Kanada, ina wurin ranar da aka haska. Aka yi ta nuno iyaye, kowace tana kiran ɗanta, wata da kuka wata da ihu. Sai ga tsakar gidanmu a allo, ga rumbu, ga kaza tana wucewa, ga Hansai tana kallon gefe. Jama'a suka tafa sosai, har matar da ke kusa da ni ta share hawaye ta ce abin ya yi kyau. Na hango shi a benci, kansa a sama yana kallo, bai motsa ba. Bayan an tashi na same shi a bakin bas. Ya ce, "Ko sau ɗaya ba ta faɗa ba." Na ce, "Ita ta haife ka, Idrisu." Ya ce, "Na sani, Baffa." Ya sunkuya ya ci gaba da loda jakunkuna.

Daga baya abubuwa sun fara yi masa daidai. An fara sa shi a wasa sosai, ya zura na farko a raga, yaran da ke sa shi ɗaukar kaya suka ɗaga shi sama. Ya koya wa dattijuwar nan tuƙa tuwo da garin masara, ta kira ni tana ba ni labari. Sai wata safiya a wajen atisaye ya faɗi, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Likitoci suka ce wata matsala ce a zuciyarsa tun haihuwa, ba wanda ya sani. A maƙabartar Musulmi ta garinmu na can muka rufe shi. Ƙasa ta daskare, sai da aka kawo inji ya fasa. Na tsaya ina kallon injin, ina tunanin wane irin mai yake sha. Wallahi abin da na yi ta tunani ke nan, kuma tun ranar ban dawo daidai ba.

Da na zo gida ta'aziyya, aka ce Hansai ba ta yi kuka ba. Mata suna ta yabon dauriyarta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta ce, "Na Allah ne. Ya haƙurin Binta?" Ita ce ma ta yi mini gaisuwa, don a wajenta ɗana ne ya rasu. Shekara ba ta zagayo ba muka tattara muka dawo Kazaure, muka zauna.

Yanzu ina ganin 'yan matan da aka aurar jiya suna ɗora hoton ɗan fari a waya kowa ya gani, suna kiran sunansa a gaban surukai, har sumba. Tsofaffi na cewa zamani ya lalace. Nakan tambayi kaina abin da Idrisu zai ce da ya ga haka. Wataƙila ya yi dariyar nan tasa ya ce ya yi saurin zuwa duniya. Ba na zagin al'adar, don a cikinta aka haife ni, ni ma ɗan uwa ne ga ɗan fari, na ga yadda uwarmu take cusa wa Yaya Sule nama a ƙasan tuwo ba ta ce masa uffan ba. Yaya Sule ya iya karanta wannan, don a gidan ya girma. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to yaron da ke wata duniya, fuskar ma rabinta aka nuna masa.

Me ya rage na Idrisu? Ba shi da ɗa. Kabarinsa yana inda babu mai zuwa cikinmu. Ƙannensa sun fi saninsa a hoto. Dattijuwar nan ta yi ta aiko da gaisuwa duk shekara, daga baya ta daina, ban san ko tana raye ba. Na daɗe ina ganin iyakar abin da ya rage ke nan.

Bara hawan jini ya kayar da Hansai. Ta tashi, amma hannu ɗaya ya shanye, tunaninta kuma ya rikice. Ta manta an aurar da 'ya'yanta, ta manta Yaya Sule ya rasu. Kunyar ma ciwon ya tafi da ita. Yanzu tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, duk namijin da ya yi sallama sai ta ɗaga kai ta ce, "Idrisu." Da ƙarfi take faɗa, a gaban kowa, tun safe har yamma. Jikokinta sun saba, maƙwabta ma sun saba, ba mai gyara mata.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba ta. Na yi sallama, ta dube ni da furfurata da komai, fuskarta ta washe.

"Idrisu, kai ne? Zo nan kusa. Ka ci abinci?"

Na cire takalmi, na zauna a bakin tabarmar. Na ce, "Na'am, Inna. Na ci."